Yaya Motoji Ya Tafi Bai Faɗa Mini Inda Allon Yake Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 2008, da hantsi, Fusae ta bugo mini waya ta ce mijinta, Motoji Kakehi, ya cika. Shekarunsa tamanin da ɗaya.

Yaya Motoji, shekara talatin da huɗu muka yi muna aiki a benci ɗaya a tsohon ginin jan bulo na bakin kogi, inda aka fara ƙera dinamo da odar mota a garinmu. Kai ka koya mini naɗa waya, ka ce yatsa ke jin lafiyarta kafin ido ya gani. Yaƙi ya hana ni karatu, na yi ta ɓoyewa har na kai arba'in. Ranar da ka gane, ba ka tona ni ba. Ka raka ni ajin yamma na manya, ka ce, "Shiga, Roku, ƙaton banza. Ba a cizo a ciki." Da wannan karatun nake rubuta maka yau.

Yanzu hukumar gari na shirin rushe ginin ta yi wurin ajiye motoci. Sun ce za su bar shi in mu tsofaffin ma'aikata mun kawo shaidar shekarar da aka gina shi kafin ƙarshen wata, ga shi takardun kamfanin sun ƙone tun lokacin yaƙi. Abin da ya rage shi ne allon da kafintoci ke kafewa a cikin rufi ranar ɗora babban katako, da kwanan wata da sunayensu. Kai kaɗai ka gan shi, lokacin da ka hau gyara bayan guguwar 1959. Kullum sai ka ce da kanka za ka nuna mana.

Ranar Litinin, ana gobe za ka rasu, na zo duba ka a asibiti, kwana biyu da haihuwar jikata ta fari. Ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Na tura maka hotonta har hanci.

Ka ce, "An yi sa'a ba ta ɗauko kunnuwanka ba. Zauna, akwai maganar rufin nan."

Na ce, "Yaya, rufi ba gudu zai yi ba. Dubi yatsunta tukuna."

Ka duba, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Na ce zan dawo gobe.

Tun ranar abinci ba ya shiga mini. Rufin nan tsawonsa ya fi mita sittin, an yi masa silin sau biyu, wani gefen ya ruɓe. Hukuma ta ba mu yini ɗaya tak, Asabar mai zuwa, da kafinta ɗaya. Ni zan nuna masa inda zai ɓalle, kuma ban sani ba. Na zaɓi gefen kogi, don nan ruwa ya fi zubo mana a shekarar guguwa. In na yi kuskure, ba kai ka yi sakaci ba, ni ne ban zauna ba.

Allah Ya ji ƙanka, Ya sa ka huta. Ya ba Fusae da 'ya'yanku haƙurin rashi. Ka yafe mini, Yaya.

Rokuro Inagaki