Usta Abakar Mai Ginshiƙai da Birnin da Bai Gani Ba

Haihuwa da Asali

An haifi Usta Abakar Harun a shekarar 1942 a garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, a ƙasar Sudan. Mahaifinsa, Malam Harun, mutumin ƙasar Haɗeja ne, mahaifiyarsa Yelwa kuwa 'yar Gumel ce. Su biyun sun baro gida ne a ƙafa da niyyar sauke farali a Makka, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka yada zango a Mai Wurno suna noman dawa da auduga kafin su tara na ci gaba. Zangon da suka yi nufin ya zama na damina biyu shi ya zama makwancinsu, domin a garin aka binne su duka, babu wanda ya ga Jidda a cikinsu.

Karatu da Zuwa Masar

Abakar ya yi karatun allo a hannun wani aminin mahaifinsa har ya kai izu goma sha biyar. Rasuwar mahaifin a shekarar 1955 ce ta tsayar da karatun, ya tafi Wad Madani yana dakon buhunan auduga. A shekarar 1958 ya hau jirgin ƙasa zuwa Wadi Halfa, daga nan ya bi jirgin ruwa zuwa Aswan, ya iso Alƙahira yana ɗan shekara goma sha shida, da nufin ya zarce Suwais ya nemi aiki a jiragen alhazai. Bai zarce ba. A wani lungu na Wustul Balad, wato tsakiyar birni, ya samu aikin sauke buhunan jibis, farin garin nan da ake kwaɓawa da ruwa ya daskare a yi adon gini da shi.

A Hannun Kawaja Manoli

Mai warshar, wato shagon aikin, wani Bagirke ne haifaffen Iskandariyya da ake kira Kawaja Manoli, kawaja kuwa laƙabi ne da ake yi wa Bature a can. A wancan zamani Girkawa suna da yawa a Masar, da shagunansu da makarantunsu da asibitinsu. Sana'ar Manoli ita ce zuba kawunan ginshiƙai da adon rufi irin na Girkawan dā, kuma da ya lura cewa yaron yana tsayawa kallo har ya manta da buhun da ke kafaɗarsa, sai ya raba shi da dako ya sa shi kwaɓi.

A hannunsa Abakar ya koyi iri uku na kan ginshiƙi, waɗanda har ya rasu da Hausa yake kiransu: mai faranti, da mai ƙahon rago, da mai kwandon ganye. A bakinsa kuma ya fara jin cewa mutanen wani birni na ƙasar Girka mai suna Atina ne suka fara wannan gini fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, Rumawa suka ɗauka daga gare su, Turawa suka ɗauka daga Rumawa, har ya zama duk inda Bature zai gina kotu ko banki ko jami'a sai ya kafa waɗannan ginshiƙai a gaba. Manoli yakan ƙara da cewa ba gini kaɗai suka ɗauka ba, har da lissafin zane, da tsarin likitanci, da wasan dandali, da al'adar tara mutanen gari su yanke hukunci da ɗaga hannu.

Abin da ya fi tsaya wa Abakar a rai shi ne sirrin jikin ginshiƙin. Ginshiƙin Girkawa ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan ciki wanda ido ba ya kamawa sai tafin hannu, kuma wannan cikin ne yake sa a ga kamar dutsen yana da rai yana ɗauke da kaya. Manoli yana da wani lanƙwasasshen katako da yake gwada shi da shi. An ruwaito cewa ranar da Abakar ya kammala ginshiƙinsa na farko, maigidan ya shafa shi daga sama har ƙasa ya ce, “Tamam, ya yi. Amma abin da muke yi a nan inuwa ce, ya Abakar. Jikin yana can kan tudu a Atina, na marmara. Ranar da ka ɗora hannu a kansa, ranar ka zama usta, cikakken gwanin sana'a.”

A shekarar 1964, lokacin da Girkawan Masar suke ta ƙaura, Manoli ya tattara iyalinsa ya tafi ƙasar Girka, ya bar wa Abakar warsha da mazubai da katakon gwajin, tare da alƙawarin cewa da ya zauna zai aiko masa ya zo. Gaisuwa ta riƙa zuwa ta bakin wani mai sayar da cuku har tsawon shekara uku, daga bisani labarin rasuwar Manoli ya zo ta wannan bakin. Tun daga lokacin mutane suke kiran Abakar da Usta, shi kuma yana amsawa ne kawai don ladabi, yana cewa da saura.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1970 ya auri Mahasin, 'yar wani Bahaushen garin Gadarif na Sudan mai sayar da turare a kusa da Azhar. Allah ya albarkace su da Hussain a 1972, da Amna a 1975, da Awadiyya a 1979, da Shahd a 1983, sai autansu Husam a 1988. Sun zauna a ɗakuna biyu da ke saman warshar, inda ƙurar jibis ba ta bar ko tukunyar miya ba.

Bayan ya nemi fatawa a wajen wani malami, ya daina zuba duk wani abu mai fuska, ya ɗaure mazuban fuskokin ya ajiye a kan rufi. Hannu da ƙafa kuwa ya ci gaba da zuba su, ɗaliban zane suna zuwa daga Giza suna saye. A shekarar 1989 ya sauke farali, ya kuma koma a 1993 ya yi wa mahaifinsa.

Kowace Juma'a bayan salla yakan ɗebi yaran su zaga titunan Wustul Balad yana nuna musu ginshiƙan tsofaffin gine-gine, yana faɗa musu wanne ne na hannun Manoli, wanne ne nasa. Manyan suka girma suka gaji da yawon, Hussain ya zama akawu a wani kamfani, matan suka yi aure. Husam kaɗai ya ɗore. Ya bar makaranta yana aji biyu na sakandare ya shiga warsha, kuma masu sana'ar sun shaida cewa a sassaƙar ganye ya fi mahaifinsa taushin hannu.

Neman Hanyar Atina

Sau uku Usta Abakar ya yi haramar tafiya. A 1978 rashin takardar haihuwa ya hana shi fasfo. A 1997, bayan fasfon ya samu, jinyar Mahasin ta cinye guzurin. A 2008 ya kai takardunsa neman biza, aka tarar bai cika sharuɗɗa ba, domin bai taɓa ajiya a banki ba kuma babu mai gayyatarsa a can.

Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Azhar sun saba zama a ƙofar warsharsa su sha shayi su ji Hausar tsofaffi, kuma sun sha tsokanarsa a kan wannan buri. Wani daga cikinsu, Zainulabideen ɗan Zariya, ya taɓa ce masa, “Haba Baba Alhaji, hannun da ya taɓa Ka'aba me zai yi da dutsen mutanen jahiliyya? Kuma fa an ce igiya aka kewaye wurin da ita, ba a taɓawa.” Ya amsa masa da cewa, “Wancan na Ubangiji ne, ɗana, wannan na sana'a ne. Igiya kuma ai tana da ƙarƙashi.”

Shekarun Juyin Juya Hali

A watan Janairun 2011 birnin ya rikice, kuma da yake warshar ba ta da nisa da dandalin Tahrir, hayaƙi mai sa hawaye ya riƙa shiga har cikin ɗakunansu. Husam yakan je dandalin ya dawo da labarin yadda dubban mutane suke taruwa suna neman a ji muryarsu, mahaifin kuma ya ce masa ai mutanen Atina ne suka fara irin wannan, sai dai su a kan tudu suke yi kuma babu mai harbinsu.

Aiki ya tsaya. Masu gina gidaje suka janye hannu, waɗanda suka rage kuma suka koma sayen adon soso na kamfani mai arha da ake mannawa da gam. A shekarar 2012 warshar da ta taɓa ɗaukar ma'aikata shida ta koma uba da ɗa, wani lokaci wata guda ya wuce ba a kwaɓa ko buhu ɗaya ba.

Tafiyar Husam

A watan Satumban 2013 Husam ya sanar da iyayensa cewa ya samu wuri a wani jirgin masunta da zai tashi daga gaɓar Iskandariyya ya sauke mutane a wani tsibirin Girka ba tare da takardu ba, kuma daga nan zai nemi hanyar Atina, inda ya ji ana neman masu gyaran tsofaffin gine-gine. Mahasin ta ƙi. Ta dubi mijinta ta ce, “Alhaji, ka yi magana mana. Kai kaɗai yake ji.”

Usta Abakar ya miƙe. Ya sauka warsha ya ɗauko katakon gwajin nan na Manoli, ya naɗe shi da tsumma ya miƙa wa ɗansa, ya ce, “In ka isa, ka kara shi a jikin na tudun, ka gaya mini ko ya zauna daidai.” Husam, wanda da Yaba yake kiran mahaifinsa, ya ce, “Yaba, har hoto zan turo maka, ka gani da idonka.”

Ya kira sau ɗaya daga bakin teku ya ce sun fara shiga jirgi. Bayan wannan ba a sake jin muryarsa ba. Dillalin da ya haɗa tafiyar ya kashe wayarsa, ba a samu labarin isar jirgin ba, ba a kuma samu labarin nutsewarsa ba.

Shekarun Jira

Daga ƙarshen 2013 Usta Abakar ya mayar da zuwa Iskandariyya al'adarsa ta kowane wata, yana bin masunta da hoton ɗansa a hannu, in la'asar ta yi ya zauna a kan katangar bakin teku yana fuskantar arewa har a kira magariba. Bai sake ambaton ginshiƙan Atina ga kowa ba. Idan ɗalibai suka taɓo zancen don su faranta masa, sai ya tashi ya ƙara ruwa a butar shayi.

A shekarar 2014 aka shiga gyaran fuskokin tsofaffin gine-ginen Wustul Balad, aiki ya dawo, har aka kawo masa wasu kawunan ginshiƙai da shi da kansa ya zuba yana saurayi. Ya gyara mai faranti da mai ƙahon rago, amma mai kwandon ganye yakan jingine shi a bango ya ce a dakata wa yaron, wannan aikinsa ne.

Amna, wadda ke aure a unguwar Dokki, ta roƙi iyayenta su koma wajenta saboda hawan bene ya fara gagarar mahaifinta. Ya ƙi, yana cewa wanda ya dawo daga tafiya ƙofar da ya sani yake bugawa. Hussain kuma, bisa shawarar maƙwabtansu Misrawa, ya nemi a yi wa Husam sallar ga'ib, wato sallar jana'izar wanda babu gawarsa, domin zuciyar mahaifiyarsu ta samu wurin tsayawa. Sau uku yana kawo maganar a cikin shekarar 2015, sau uku mahaifin yana cewa su Malikawa ne, babu wannan a mazhabarsu. Kowa a gidan ya san ba mazhaba ce dalilin ba. A karo na ƙarshe sai da muryoyinsu suka tashi, Hussain ya ce, “Yaba, shekara biyu ke nan, khalas, ya isa haka!” Tsohon ya ce, “Ni na ba shi katako na ce ya je. Mutumin da na aika ban sallace shi ba sai ya dawo ya ba ni amsa.”

Rasuwa

Usta Abakar Harun ya kwanta ciwon ƙirji a farkon watan Nuwamban 2015, ya rasu ranar wata Alhamis da hantsi a ɗakinsa da ke saman warsha, yana da shekara saba'in da uku. An yi masa salla bayan azahar a masallacin unguwa, tare da halartar 'yan Sudan da ɗaliban Najeriya da tsofaffin masu aikin jibis. Kafin a tayar da kabbara limamin, wanda ya san halin da gidan yake ciki, ya matso kusa da Hussain ya tambaye shi a hankali ko a haɗa da sallar ga'ib ta ƙaninsa tun da jama'a sun taru, kuma yanzu izinin yana hannunsa. Hussain ya dubi makarar mahaifinsa, ya ce, “Ma'alish, a yi haƙuri, ya shehi. Mutum ɗaya muka kawo.”

An binne shi a maƙabartar da ke hanyar Fayyum. Allah ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa.

Ya bar matarsa Hajiya Mahasin, wadda har yanzu take zaune a saman warshar, da jikoki goma sha ɗaya, da 'ya'ya biyar: Hussain, akawu a Alƙahira, Amna, a Dokki, Awadiyya, a Giza, Shahd, a Umdurman, da Husam, mai aikin jibis, wanda ya tafi Atina.