Ranar da Muka Ɓoye Marasa Lafiya

Har yau in na tuna ranar nan sai dariya ta ƙwace mini, ko da ina tsakiyar auna wa mutum atamfa a kasuwar Adawlato.

A lokacin ƙafafun Inna, mahaifiyata, sun kumbura, daga ɗaki zuwa bakin rijiya ma sai ta tsaya tana haki. Likita kuwa a unguwarmu ta Zongo sai dai labari. Kafin mace ta hau zemijan, babur ɗin haya, ta shiga gari ta yanki kati, jarinta ya tafi. Sai mu tare mai tallan magani a faranti, ya ba mu ja da fari, mu haɗiye da bismillah. Shi ya sa mu matan unguwa muka tashi haiƙan, muna neman likita na kowa da kowa, ya riƙa zama a ɗakin gefen masallaci, a kuɗin da mai tuyar waina za ta iya biya. Mun je wurin Sarkin Zongo, mun je wurin liman, mun yi ta sintiri a ofishin hukuma har mai gadi ya koyi gaisuwa da Hausa. Kwatsam aka ce za a turo likita mace ta ga ko da gaske muna da bukata.

Wayyo murna! Magajiya, shugabarmu, ta tara mu ta ce, "Baƙuwa ce fa, kada wadda ta ba mu kunya." Shi ke nan muka fitar da anko kamar za a kai amarya. Aka share lungu, aka ɗora tukwane. Marasa lafiya kuma? Haba, wa ke nuna wa baƙo ciwonsa? Wani tsoho mai tari aka kai shi ƙuryar ɗaki aka ƙure rediyo. Yara masu ƙuraje aka tura su unguwar Adidogome wurin dangi. Mahaucin da ya sare hannu ya cusa shi cikin babbar riga. Inna ta zizara kwalli, ta ce sai ta sa sabon takalminta, muka shafa mata man kaɗe muka tura ƙafar da ƙyar, muna ta sheƙa dariya.

Likitar ta iso, matashiya ce 'yar ƙabilar Mina, ba ta jin Hausa, sai aka sa ni tafinta da faransancina na kasuwa. Duk wanda ta tambaya jikinsa, amsa ɗaya ce: lafiya lau, alhamdu lillahi. Ta ci waina, ta sha fura, har rawa aka ja ta ta taka. Da ta ɗauki jakarta sai ta ce ta zaga unguwanni da yawa, ba ta taɓa ganin masu ƙoshin lafiya irinmu ba. Na fassara, Magajiya ta rangaɗa guɗa, mata suka ɗauka. Ni kaɗai ban yi guɗar ba, don na ji sauran maganar: za a fara da unguwar da ta fi mu bukata.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Inna ta jawo buta za ta yi alwala, takalmi ya ce bai san zancen ba. Ta ja, na ja, Magajiya ta ja har ɗankwalinta ya faɗi. Likitar ta ajiye jaka ta durƙusa, ta nemi almakashi, na miƙa mata nawa na yankan atamfa. Ta yanke takalmin, ta danna ƙafar da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

Inna ta ja zane ta rufe, ta ce mini, "Gaya mata ba komai, zama ne ya yi yawa."

Ban gaya mata ba. Tsoro ya kama ni, na ce wa likitar Inna ta daɗe ba ta iya kwanciya, a zaune take barci. Daidai nan wani ya kashe rediyo saboda salla, tarin tsohon nan ya fito daga ƙurya sarai. Likitar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Su wa kuma kuka ɓoye?"

Magajiya ta juyo ta daka mana tsawa, "To me kuke kallo? Ku buɗe ɗakunan mana!" Sai ga layi har bakin titi, kowa cikin anko da turare, mahauci a gaba yana ɗaga hannu kamar ya ci kyauta. Muna dariya muna share hawaye.

Yanzu likita na zama a ɗakin gefen masallaci duk mako. Na Inna ciwon zuciya ne, an ce da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Har gobe ba ta yafe mini takalmin nan ba, duk ranar ganin likita sai ta yi mini mitarsa tun daga ƙofar gida har masallaci. Ni kuwa ina biye ina kallon yadda take takawa da ƙafarta ba ta tsaya ko sau ɗaya ba.