Lubabatu Mai Ƙwayar Juma'a

Duk ranar Juma'a, da an sallame sallar asuba, Malama Lubabatu Shehu takan zura hijabi ta fito zagayen gidajen tsofaffi a gefen garin Gummi. Ba allura take ɗauke da ita ba, ba ma'aunin jini ba. Abu ɗaya take dubawa: wace tsohuwa ce ta haɗiye ƙwayarta ta koma shimfiɗa. In ta tarar da mutum zaune a miƙe kan sallaya yana jan carbi, sai ta gaida shi ta wuce. In kuwa ta tarar an kishingiɗa, to ranar maƙwabta ma sai sun ji muryarta.

Ƙwayar ta ciwon zaizayewar ƙashi ce, wanda ke cin ƙashin tsofaffi, musamman mata, a ɓoye har ya zama tuntuɓe kaɗan ya isa karaya. Likita ne ke rubuta ta bayan ya duba mutum. Sau ɗaya ake sha a mako, kafin a sa komai a ciki, da kofi cike da ruwa, kuma ba a kwanciya ba a karyawa sai bayan rabin awa, in ba haka ba ta ƙona maƙogwaro. To wace tsohuwa ce ke da agogo, balle ta riƙe lissafin mako? Sai Malama ta ɗaure ƙwayar da Juma'a, ta ɗaure rabin awar da carbi: a haɗiye bayan asuba, a zauna ana lazimi har gari ya waye tangaran. Tun daga nan sunanta ya ɓace, kowa sai Mai Ƙwayar Juma'a.

A watan nan ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da biyar tana ma'aikaciyar lafiya. A Anka ta fara. Tana Bukkuyum lokacin da gubar dalma ta yi ta ɗibar yara, ta yi watanni tana zirga-zirga zuwa Tungar Guru, kuma tun daga wannan shekarar ba ta ƙara yarda da wani gari da ba ta san abin da ke cikinsa ba. Daga baya aka dawo da ita wani ƙaramin asibiti a Gummi, inda ba na'urar auna ƙashi ko kusa. Da ta ga haka sai ta mayar da bangon ɗakinta ma'auni. Duk tsohuwar da ta shigo sai ta jingina ta ja layi da biro ta rubuta suna, baɗi a sake. Wadda ta rage tsawo, ba ta barin ta sai ta ga likita.

Amma in ana son a ga ɓacin ran Malama Lubabatu, a ajiye mata gwangwanin kolajin a kan tebur. Wani farin gari ne da ake damawa a ruwa, shi da 'yan'uwansa na roba-roba da ake taunawa, masu hoton tsohuwa tana tsalle. 'Ya'yanmu na Abuja da Kaduna suke gani a waya, a ce musu ƙashin uwarsu zai koma na budurwa, su saya su ba direba ya kawo, su kwanta da daɗin rai sun sauke nauyi. Ba wanda ya tambayi likita, ba wanda ya tambayi tsohuwar ma. Malama ba ta taɓa cewa guba ne ba, don ba ta faɗin abin da ba ta sani ba. Abin da take cewa shi ne, mai so ya sha, amma ba shi zai tsaya a madadin maganin likita ba, ba kuma shi zai maye nono da zogale da riɗi da ƙananan kifi ba, balle hasken rana da tafiya da ƙafa. Ta faɗa a asibiti, ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a gidan biki har amare suna ɓuya. Aka yi kunnen uwar shegu da ita, don abin da ya zo daga birni cikin leda mai ƙyalli ya fi bakin matar da ake gani kullum da silifa.

Labarin Inna Kulu ya isa misali, kuma masu shaida suna nan da rai. Bafulatana ce, matar marigayi Labbo, ta shekara arba'in tana ɗauko ƙwaryar nono daga rugarsu zuwa kasuwa. Bangon Malama ne ya tona ta: cikin shekara biyu ta rage kusan yatsa uku, bayanta ya fara ranƙwafawa. Aka kai ta babban asibiti, aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙashin baya ya riga ya fara zama, ya rubuta ƙwayar mako-mako da ta kalsiyam mai gina ƙashi. Ya kuma faɗi abin da Malama ta riga ta sani, cewa in tsohuwar nan ta faɗi ta karya ƙugu, da wuya ta sake tashi. Malama ta ga irin wannan kwanciyar fiye da sau goma a ƙauyuka, ta san yadda take farawa da gyambon baya ta ƙare da makara. Ta ƙudura a ranta Kulu ba za ta bi wannan hanyar ba, ta sa gidanta cikin zagayen Juma'a duk da nisansa.

Wata shida ana abin arziki. Kowace Juma'a Malama ta leƙa, ta tarar da Kulu zaune kyam da carbi, ta yi mata barka ta juya. Har misali take bugawa da ita a gaban sauran tsofaffi masu gardama.

Sai wata Talata da hantsi aka aiko mata daga wurin Ɗanmusa maɗori. Kulu ta zame a bakin ƙofa da buta a hannu, ta dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye. Ɗanmusa ya ɗora, amma bai bar su sun tafi ba sai da Malama ta iso. Ya ja ta gefe ya ce, "Malama, tun ina saurayi nike ɗori, na san ƙashin da ka kamawa. Wanga awa karan da gara tac ci ya ke. In ta koma hwaɗuwa, ƙugu na, kuma ƙugu ba ni iya mai."

Malama ta raka su gida ranta a jagule, tana ta tunanin yadda magani zai yi wata shida bai tsinana komai ba. Tana neman zanen da za a rataya hannun, ta ɗaga faifan wata ƙwarya a kan gado. Ga ƙwayoyin nan a jere cikin takardarsu, ko ɗaya ba a ɓalle ba tun watan farko. A gefe ga gwangwanin kolajin uku, biyu sun ƙare.

Salamatu, autar Kulu, ita ta warware zancen tana kallon ƙasa. Yayansu Abdussamad, babban ɗan Inna da ke aiki a Abuja, shi ya aiko da garin. Mai tallar ya gaya masa ba a haɗa shi da ƙwayar asibiti, don haka ya ce a dakatar da ita. Ya kuma ce Inna ta sha wahala ta isa, kada a sake barin ta ta fita, ta zauna a ɗaki ta huta. Tun daga ranar ba ta ƙara zuwa wurin shanu ba, inda a da take shan kindirmonta tana shan rana. Ita kuwa Inna ta hana a gaya wa Malama, don kada ta ji ba daɗi bayan duk sammakon da take yi. Shi ya sa take tashi kowace Juma'a ta zauna a miƙe da carbi, ba komai a cikinta sai kunya.

Haushi ya turnuƙe Malama har ta rasa wanda za ta fara da shi. Wata shida tsohuwa na yi mata zaman makaranta! Ta tambayi Kulu ko ita ta yarda garin ya fi ƙwayar. Kulu ta ce a'a, tun da ta daina fita ma ƙafafunta suka yi sanyi, ta sani sarai. To me ya hana ta gaya wa ɗanta? Nan Kulu ta kau da kai, don Abdussamad ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗi, "wancan" take ce masa. In ya kira waya, gaisuwa biyu ce ta miƙa wa Salamatu. Matar da ba ta iya kallon idonsa, ta yaya za ta buɗe baki ta ce abin da ya aiko bai yi ba? Ta gwammace ƙashinta ya narke.

Nan take a tsakar gidan Kulu, Malama ta kira Abdussamad a waya. Da farko ya ɗauko Turanci da bayanin da ya karanta a waya, ta bar shi ya gama tas, sannan ta gaya masa hannu ya karye kuma ƙugu ke biye. Ya ce ai kullum yana tambaya, Inna ba ta taɓa cewa komai ba sai lafiya lau.

"Ina kat taɓa jin uwa ta yi ma ɗan hwari musu?" in ji Malama. "Ko ƙasa ka aiko kac ce ta dama, damawa za ta yi. Da bakinka ka ɗaure ta, kai ɗai ka iya kwance ta. Ka taho."

Kwana biyu ya iso, kuma mu faɗi gaskiya, yaron kirki ne, son uwarsa ne ya kai shi ga wauta. Sai dai zuwan nasa bai sa an huta ba. Ya durƙusa a waje gefen ƙofa yana kallon katanga, Kulu na ciki ta juya baya tana kallon tukwane, tsakaninsu bai fi taku uku ba, kuma ba mai niyyar yi wa wani magana. Malama ta duba wannan, ta duba wancan, ta yi tsaki, ta tattara hijabinta ta zauna a kan dokin ƙofa. Matar da ta yi shekaru tana fassara maganar likita ga mutanen ƙauye, ranar ta koma tafinta tsakanin uwa da ɗa, dukansu da Hausa.

Abdussamad ya ɗaga murya yadda za a ji a ciki ya ce, "Malama, a ce ma tsohuwa ni yi kuskure. Ta koma ma ƙwayarta, ta sha nono, ta hita ta taka ƙasa. Abin da kinka ce shi za a yi."

Malama ta juya ta maimaita kalma-kalma, kamar ba a gabanta aka faɗa ba. Amsar Kulu ta fito daga ɗaki, a hankali.

"A ce mai na ji. A ce mai kuma Allah shi yi albarka, garin nai da daɗi."

Malama ta isar da wannan ma. Salamatu ta ce ta ga yayanta yana share ido da hularsa. Ita dai Malama ba ta tsaya kallo ba, ta sa aka cire wani tubali da ke bakin ƙofar inda Kulu ta zame, aka samo wa Kulu sanda da takalmi mai kama ƙasa, ta mayar da ita wurin likita ya sake dubawa. Daga ranar kuma ta daina yarda da zaman carbi kawai, a gabanta ake haɗiyewa, a buɗe baki ta gani.

Yau shekara ɗaya da wata biyar ke nan Kulu ba ta sake faɗuwa ba. Bayan da ya ranƙwafa bai miƙe ba, ba zai miƙe ba, Malama ba ta taɓa yi mata alkawarin haka ba. Amma ranar da abokan aiki suka shimfiɗa tabarmi a harabar asibiti don sallamar Malama, ba kakaki ba lambar yabo, sai aka hango wata tsohuwa tana tahowa daga hanyar ruga tana dogara sanda. A bayanta wata mota mai lambar Abuja na rarrafe, Abdussamad ne a ciki, ya yi roƙon duniya ta bakin Salamatu, Kulu ta ƙi shiga. Ta iso tana haki, ta kama hannun Malama da hannun da ya taɓa karyewa, ta ce, "Da ƙahwata niz zo." Malama ta fara yi mata faɗan fitowa cikin zafin rana ba ruwa, sai ta bar faɗan, ta zaunar da ita kan tabarma kusa da ita.

Malama Lubabatu, ke ce mai faɗa don a rayu. Ke ce kika yi sammako shekara da shekaru kan ƙashin da ba naki ba, aka kira ki mai tsegumi, aka ɓoye miki magani a ƙarƙashin faifai, kika dawo mako na gaba. Ba ki da na'ura, ba ki da mota, kuma akwai iyayenmu da yawa daga Anka zuwa Gummi da ke zuwa bayan gida da kansu yau saboda ke. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya riƙe miki naki ƙashin, ya ba ki masu yi miki irin faɗan da kika yi wa na wasu.

Ku kuma ma'aikatan da ta bari a baya, ku ɗauki halinta har da faɗan, don takardar magani ba ta bin mutum gida. Mu kuwa 'yan birni masu aike, kafin mu sake ba direba leda, mu nemi wanda ke duba tsohuwar mu tambaye shi abin da take buƙata. Kuma mu daina fakewa da gaisuwar waya. Uwa ba za ta ce mana abin da muka aiko bai yi ba, ko da shi ne ajalinta. In kun kira ta ce lafiya lau, ku shiga mota ku je ku gani.