Manta-uwa a Ɗakin Danshi

Mu shida ne a ɗakin ranar da aka zo duba manta-uwa. Da ni, da 'yata, da mijinta wanda ya tsuguna a bakin ƙofa saboda surukuta, da matar marinin da ya ba ni hayar ɗakin, da wata tsohuwa Bagwariya mai kawo mana itace. Ta shidan jikata ce, tana goye a bayan uwarta, saura kwana bakwai a yaye ta.

Ɗakin yana can ƙasan gari ne, bayan marina, inda ruwan Birnin Gwari duka yake gangarawa kafin ya faɗa fadama. Na shige shi bayan gobara ta ci namu, ina biyan haya da surfe da daka. Da rani ba laifi. Damina na sauka sai daɓe ya fara gumi, funfuna ta hau tabarma, ta hau ƙore da faifai, har tandun man kaɗe sai da ya yi gashi. Zanen da na ninke Juma'a, wata Juma'ar wari yake.

Manta-uwa kuwa tsiro ne da ba ya taɓa ƙasa. A kan manyan itatuwan kurmi yake zama, jikinsa gaɓa-gaɓa kamar takanɗa, saiwoyinsa farare tsaye cirko-cirko. Idan za a yaye yaro sai a daka ɗanye a zuba masa a kunu, ya daina kukan nono, ya daina waiwayen ƙofa. Busasshe ba ya aiki. Ƙanen marigayi maigidana, maharbi, shi ya sauko mini da shi tun kafin ruwa ya cika rafuka, don in suka cika ba mai shiga dajin sai kaka. Ya ce, "Kada ki sa masa ƙasa, kada ki cika masa ruwa. Wata huɗu ne, ki riƙe shi."

Na ɗaure shi da rama a jikin faskaren kaɗanya, na rataye kusa da ƙofa inda iska ke ɗan wucewa. A waje awakin marina za su cinye. Kullum da safe ina share funfunar ganyen da gashin kaza, in barbaɗa toka a inda ya yi baƙi. Idan rana ta leƙo in fito da shi in zauna gadi. Ruwa kuwa sai yayyafi da yatsa, shi ma ba kullum ba.

Duk da haka ya dinga ruɓewa daga gindi. Gaɓa tara aka kawo, kafin gero ya nuna saura biyar.

Na san ɗakina, na san iyakar danshinsa. Wannan ya wuce nan. Sai na lura duk ranar da 'yata ta zo gaishe ni, faskaren yakan kwana jiƙe sharkaf, ruwan randa ya ragu da moɗa guda. Wata rana na ce zan je karɓo wuta, na tsaya bayan zana. Ta ɗebo ruwa ta tsiyaya a tsakiyar saiwar, a hankali, da yarinyar a bayanta. Ta goge moɗar da gefen zani ta mayar.

Ba muguwa ba ce, kuma ba wawuya ba. Bayan kaka za ta bi mijinta da ayarin fatake zuwa ƙasar Nufe, ba a sa ranar dawowa ba, yarinyar kuma a hannuna za a bar ta. 'Yar fari ce. Ba ta faɗin sunanta, ba ta kallonta a gaban mutane, "waccan" take ce mata. Ni na koya mata wannan kunyar, da tsawa na koya mata. Wadda ba ta iya kiran sunan 'yarta, da wane baki za ta ce, "Inna, kada ki sa ta manta ni"? Na shigo da wutata na ɗora tukunya.

To, ranar dubawa matar marini ce ta fara. "Iya, na gaya miki abin nan shi ke jawo mana funfuna. Har baban rini a cikin tukunya ya fara lalacewa."

Na ce, "Funfunar gidanki ta girmi aurenki."

Bagwariyar ta yi dariya, ta sauke faskaren, ta matsa gindin da babban yatsa. Ruwa ya fito baƙi. Ta shinshina ta yamutsa fuska. "Wannan ba danshin ɗaki ba ne. Shayar da shi aka yi kamar doki. Wa ke ba shi ruwa?"

Surukina ya ce daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, "Inna, in babu maganin nan tafiyar za ta yi wuya. Kuka zai hana ki sakat."

'Yata tana kallon bango. Hannunta ɗaya yana baya, ta riƙe ƙafar yarinyar ta cikin goyo, inda take zaton ba mai gani.

Na ce, "Ni ce. Tsufa ya sa ina ba shi da safe, in manta, in ƙara da la'asar."

"Ke?" in ji matar marini. "Ke da kike ƙirga tsakuwar da ke cikin gero? Yau kuma!"

"Yau kuma. Ya mutu, a bar maganar. Kuka kuwa na raini yara biyar, kunnena bai tsinke ba." Na juya wajen jikata na ce, "Ke kuma ƙawa, ki tanadi muryarki, ni da ke ne."

Bagwariyar ta ƙara juya faskaren. Na ga idonta ya tsaya kan gaɓa biyu na can sama, koraye shar, masu tauri, waɗanda za su ishi yaro ɗaya har su yi saura. Ta dube ni. Na dube ta. Ta jingine shi da bango ta ce itacenta na jiranta a waje.

Da suka tashi tafiya 'yata ta durƙusa ta ce, "Sai da safe, Inna." Na ce ta gyara goyonta, kan yarinyar ya karkace.

Washegari bayan na yi asuba na ɗauki wuƙa na yanke ruɓaɓɓen duka, na shafa toka a bakin yankan. Na sa gaɓa biyun a ƙwarya na rufe da faifai, na fita ta ƙofar fadama. Akwai wata tsohuwar ɗorawa a bakin rafi mai rassa biyu. Na taka tushenta, na miƙa iyakar tsawona, na cusa su a tsakanin rassan na ɗaure da rama. Daga nan na wuce kasuwa neman tsamiya da gero mai kyau, don kunun yaye ba ya son tsohon gero.