Ranar Da Likita Ta Ce Ni 'Yar Dako Ce

A shekarun da abin nan ya faru ni 'yar kasuwa ce a Zongon Wagadugu, mai sayar da atamfa da leshi. Da talla a ka na fara har na buɗe shagona, ina zuwa Lome saro kaya da kaina. Ba a cutata a ciniki, ba na kuma sayen abin da ban warware na duba ba. Amma akwai ciwo a zuciyata. Ɗana na fari ya zo lafiyayye a ɗakina, washegari ya ƙi nono, ya kama nishi, numfashinsa na sauri, ya koma tun kafin suna. Aka ce iska ce.

Da na sake samun ciki sai na yi rajista a wata kilinik a unguwar Gounghin. Likitar, mace ce 'yar Mosi, ta saurari labarin yaron sosai, ta ce idan na shiga wata tara za ta shafo gabana da auduga a kai gwaji. Da sakamako ya fito sai ta ce min da Faransanci ni "porteuse" ce. Na yi dariya, don a kasuwarmu haka ake kiran 'yan matan da ke mana dako. Na tambaye ta ko ta manta ni ce mai ɗora wa mutane kaya. Ita ma ta dara, ta ce ai na fahimta ke nan: ƙwayar cuta nake dako, mai suna streptocoque B, mata masu lafiya da yawa suna ɗauke da ita ba ta taɓa su, amma jariri na iya kwasarta a hanyar fitowa. Ba ta rantse ƙwayar ce ta ɗauki na fari ba, ta dai ce alamun sun yi kama. Na ce to ta faɗi sunan maganin in saya in shanye yau, a gama. Ta ce ba a sarin wannan tun kafin lokaci, don ƙwayar za ta dawo. Sai naƙuda ta fara ake sa shi ta jijiya, kuma in zo da wuri.

A gida aka juya zancen. Maigidana ya gaya wa yayarsa, ita kuwa da ta ji ƙwayar cuta, ta ji inda aka samo ta, sai ta ce ciwon sanyi ne, matar da ke kwana a tashoshin Lome me ba za ta kwaso ba. Ta ce in zauna ungozoma ta karɓe ni a ɗaki, kada mutanen asibiti su tona asirin gidansu. Maigida ya daina kallon idona. Ban yi kuka ba. Na gaya wa Yaya cewa a ɗakin nan na rasa ɗaya, ba zan ba da na biyu don bakin mutane ba. Shi kuma na ce ya tuƙa ni mu je ya ji da kunnensa, in ya ƙi in hau taksi. Ya bi ni. Likitar ta gaya masa ba ciwon neman maza ba ne, har a cikin hanjin mutum ƙwayar take zaune, kuma wataƙila shi ma ɗan dako ne bai sani ba. A hanyar dawowa ya tsaya ya saya min tsire.

Wata Talata da hantsi ina auna wa wata mata leshi faya ta fashe. Na ƙarasa yankan, na rufe shago, maƙwabciyata ta goya ni a mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinta, zuwa kilinik. Tun daga ƙofa nake gaya musu ni ce 'yar dakon nan, a kawo ruwan maganin. Aka ɗaura min, magani ya shiga jikina tun kafin la'asar, sannan yarinya ta faɗo. Suka riƙe mu suna duba zafin jikinta da numfashinta. Ta kama nono kamar za ta cire shi.

Ranar suna Yaya ce ta fi kowa guɗa. Na ɗauko turmin atamfa mafi kyau a shagona na ba ta, na ce ladan dakon zancen da ta yi ne.

'Yan'uwana mata, musamman wadda ta taɓa rasa jinjiri kafin suna, ku tambayi wannan gwajin. Idan an ce kuna ɗauke da ƙwayar, ba abin kunya ba ne, kaya ne kawai da ake saukewa a asibiti. Tawa yarinyar yanzu ita ke jan mobilet ta kai ni kasuwa.