Amanar da Ban Kwafe Ba, Malam Nata'ala

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, bayan la'asar, aka kira ni daga Dukawuya cewa Malam Nata'ala, wanda ya koya mini kwamfuta, ya rasu bayan jinyar mako uku.

Malam, shekara takwas ka yi kana bin tsofaffin unguwa zaure-zaure kana ɗaukar muryoyinsu: asalin kowane gida, sana'ar da aka gada, har waƙoƙin niƙa na mahaifiyarka, marigayiya Baba Indo. Ka zuba su a tsohuwar kwamfutar zaurenka, ka buɗe musu shafi a intanet mai ɗauko su kai tsaye daga cikinta, jerin sunaye kawai ba ado. Da na yi ƙorafin sauke su ɗaya-ɗaya, sai ka zauna ka rubuta mini 'yar manhaja. Jerin nan ya bayyana a kwamfutata tamkar folda, in danna suna in ji murya. Shayin da muka sha ranar ma kai ka dafa.

Ka ce, "Abdulbaqi, taga na yi maka, ba rumbu ba. Hatsin yana gidana. Ka samo faifai ka kwafe."

Na ce to. Amma da yake kullum ina ganinsu a gabana, sai na ɗauka suna hannuna. Yau, gobe, har shekara biyu. A asibiti ka riƙe hannuna ka tambaye ni, na ce na kwafe. Ƙarya na yi maka, Malam, don kada ka ga sakacina. Kai kuwa ka yi hamdala.

Kwana biyu bayan nan aka yi ruwa mai ƙarfi, katangar zauren ta faɗa kan kwamfutar. Masu gyara sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ba abin da ya fita. An ɓoye maka.

Ranar sadakar uku 'yarka Hauwa ta ce, "Yaya, Baba ya ce muryar kaka tana wajenka." Na buɗe foldar a gabanta. Sunaye ɗari huɗu suna nan reras, domin manhajar tana riƙe jerin. Na danna na Baba Indo, shiru. Nan na gaya mata gaskiya.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Hauwa da sauran iyali haƙurin rashi. Hauwa ta ce ta yafe mini. Kai ne ban san inda zan same ka in roƙa ba.