Damisar Tsoho Kuang

Shekara talatin da ɗaya Tsoho Kuang ya yi yana sassaƙa katakon buga kuɗin takarda a gidan Rong, fataken shayi na birnin Chengdu a ƙasar Sin. A lokacin kuɗinmu na ƙarfe ne, mai son sayen turmin siliki sai ya nemi ɗan dako. Shi ya sa manyan fatake suka fara karɓar ƙarfen suna ba da takarda, kowane gida da nasa zane.

Gidan Rong suka ce damisa suke so. Kuang ya sassaƙa. Abin da ya fito yana da gemu, kunnuwa a zube, ƙafar baya ɗaya ta fi sauran tsawo. Kasuwa ta sa mata suna Akuya, har ciniki da sunan ake yi: "Akuya biyu, ba ragi."

"Damisa ce," in ji Kuang.

"To Baba," in ji mai kayan miya, "me ya sa take kallon kabejina haka?"

Da hukuma ta karɓi aikin buga kuɗi, sai ta riƙe Maigida Rong a matsayin mai ba da shawara. Jami'in da aka turo, Pei, ya zo da gwanin zane daga babban birni. Aka ce Kuang ya tattara kayansa ƙarshen wata, katakansa kuma a kai wa kuku ya hura wuta.

Sabuwar takarda ta fito da damisa ta gaske, har da gashin baki. Mahauta suka juya ta gaba da baya, suka ce ina akuyar? Kafin mako uku jabu ta cika kasuwa. Aka kama wani mai zanen jabun, Pei ya tambaye shi me ya hana shi kwaikwayon takardar Rong duk shekarun nan.

"Ranka ya daɗe, sau tara na gwada. Ina cikin yi sai hannuna ya gyara ta. Irin wannan munin ba a yin sa da gangan."

Maigida Rong ya ruga ɗakin girki da kansa. Katako biyu sun riga sun dafa shinkafa, ya ceto ɗaya. Aka kira Kuang.

"Dattijo," in ji Pei, "ka dawo mana da akuyarka."

Kuang ya ɗauki hularsa. "Ni ban taɓa sassaƙa akuya ba."

Har ya kai ƙofa Maigida Rong ya taka ƙafar Pei. Jami'in ya yi tari, ya ɗauki alƙalami, ya rubuta a takardar aiki: mai sassaƙa damisa. Ya buga jan hatimi. Na ga takardar da idona a wajen jikar Kuang.

Kuang ya ƙara shekara tara a bakin aiki. Idonsa na raguwa, gemun damisar na ƙara tsawo.